Hutu A Tsibiri: Mai Kwalekwale Shi Ke Yanka Farashi

Wata sabuwar al'ada ta shigo cikin 'yan kasuwarmu na Asawase da Aboabo da Sawaba da sauran unguwannin Zangon Kumasi a 'yan shekarun nan, wato al'adar tafiya hutu bakin ruwa da zarar an gama hidimar Sallah ko an rufe lissafin ƙarshen shekara. Za ka ga 'yan adashi ɗaya, ko 'yan layi ɗaya a kasuwa, ko abokan da suka daɗe suna safarar kaya tare tsakanin Kumasi da Aflawo ko Paga ko Bawku, sun haɗa kuɗi sun ɗauki shatar mota sun nufi kudu da iyalansu. Mu dai ba mu ga aibin wannan al'ada ba, domin kuwa mutumin da ya shekara yana kwana a kan buhu a bakin iyaka yana jiran jami'an kwastan su sa hannu a takarda, ya cancanci ya sami kwana biyu ko uku da zai miƙe ƙafa ya sha iska. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau shi ne mu tunatar da 'yan'uwa cewa hutun nan ciniki ne kamar kowane ciniki, kuma a cikin cinikayyar da muka sani babu wadda mai saye yake rasa ƙarfinsa a cikinta kamar ta kwana a ƙaramin tsibiri.

Inda jama'armu suka fi nufa shi ne yankin Ada, wurin da Kogin Volta ke shiga teku. Duk direban da ke bin hanyar Ankara zuwa Aflawo ya san mararrabar Kasse, to daga nan ake karkatawa a gangara zuwa Ada Foah, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 100 daga Ankara, bayan kimanin kilomita 250 da mutum ya riga ya ci daga Kumasi. A wannan wuri kogin ya bazu ya bar ƙananan tsibirai masu farin rairayi da itatuwan kwakwa, wasu masunta ne ke zaune a kansu tun kaka da kakanni, wasu kuwa an gina wuraren shaƙatawa a kansu. Sunan Ada ba baƙo ba ne a kunnen fataken Hausawa, domin a zamanin da gishirin da ake kwasa a tafkin Songor shi ne ake lodawa a kwalekwale a haura da shi kogi har Kete-Karachi, inda ya kan haɗu da ayarin masu goro da shanu. Ga mutumin Kumasi kuwa, wanda babban ruwan da ya saba gani shi ne tafkin Bosomtwe mai nisan kimanin kilomita 30 daga gari, hoton teku da kogi sun haɗu a wuri ɗaya abu ne mai jan rai. Tun bayan shekarar 2019, lokacin da gwamnatin Gana ta yi gangamin kiran baƙaƙen fata na ƙetare su ziyarci gida har baƙin da suka shigo ƙasar suka haura miliyan 1, harkar yawon buɗe ido ta ƙara kasuwa, kuma hotunan irin waɗannan wurare sun cika WhatsApp da Facebook da TikTok.

Bari mu faɗa wa mai karatu abin da idonmu ya gani, domin gani ya kori ji. Bayan Babbar Sallah mu 16, maza da mata da yara, dukkanmu daga Asawase, muka kama ɗakuna na kwana uku a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, wanda ba za mu ambaci sunansa a shafin jarida ba. Kuɗin tafiyar kwasar adashi ce ta watanni. Kafin mu tashi an yi magana da mai wurin ta waya, an tambaye shi batun wuta da ruwa da abinci da wurin sallah, ya amsa kowace tambaya da cewa babu matsala, ya turo hotunan ɗakuna masu fararen zannuwa da na'urar sanyaya ɗaki, sannan ya nemi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, aka tura masa ta Momo. Da muka isa bakin kogi sai muka tarar da kwalekwale mai inji yana jiranmu, rigunan kariya daga nutsewa guda huɗu kacal ne a cikinsa, biyu ma igiyoyinsu sun tsinke. Aka sa wa ƙananan yara, manya kuwa kowa ya riƙe gefen jirgi yana karanta abin da ya sawwaƙa har muka tsallaka.

Ɗakunan da aka buɗe mana sun yi kama da na hoton kamar yadda tsoho ke kama da hotonsa na ƙuruciya. Katifu suna warin danshi, ƙofofin banɗaki sun kumbura ba sa rufuwa, na'urar sanyaya ɗakin kuwa tsatsa ta cinye ta, tana manne a bango don ado. Janareta ana tayar da shi bayan magariba a kashe kafin tsakar dare, daga nan sai zafi da sauro, kuma gidan sauron da aka rataya duk huji ne. Ruwan famfo gishiri-gishiri ne, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, ba a maganar sha. Ruwan leda da muke saye a bakin titi a Asawase, a can sai da muka biya ninki uku. Batun nama kuwa, da aka tambayi wanda ya yanka, sai aka shiga kallon juna, don haka kwana biyu muka yi a kan banku da kifi safe da yamma, kifin ma ba na kogin da ke gabanmu ba ne, daskararre ne aka ɗauko daga gari. Wurin sallar da aka yi alkawari ya zama wani lungu kusa da inda ake sayar da giya, kiɗa na tashi har dare ya raba. Rairayin da muka gani fari fat a hoto mun same shi lulluɓe da leda da robobi da guntayen koma da igiyar ruwa ta watso.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya faru a dare na biyu. Zazzaɓi ya rufe wata yarinya 'yar shekara biyar, jikinta kamar garwashi. Aka nemi mai kwalekwale aka ce ya koma gida a hayin kogi, wayarsa a kashe. Aka nemi manaja aka ce yana Ankara. Ko ƙwayar maganin zazzaɓi babu a wurin, sai wadda wata Hajiya daga cikinmu ta zo da ita a jakarta. Hajiyar ta dubi saurayin da ke gadin wurin ta ce, "Ɗana, yanzu da rai ya yi halinsa a nan, me za ku gaya wa uwarta?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ni ma wata biyu ke nan ba a biya ni albashi ba." Haka aka kwana ana shafa wa yarinya ruwa har gari ya waye. Da safe muka ce mun haƙura da kwana na uku, a kira jirgi. Sai saƙo ya zo daga mai wuri cewa ba za a kira jirgi ba sai an cika kuɗin kwana uku cif, kuma kuɗin tsallakawa ya ninka na zuwa saboda wai mai ya yi tsada. Da yarinya marar lafiya a hannu, wa zai tsaya jayayya? Aka biya, aka tsallako, aka nufi asibiti. Alhamdu lillahi ta sami sauƙi.

Adalci ya sa mu faɗi cewa riƙe masauki a tsibiri aiki ne mai wuya, kuma a yankin akwai wuraren da baƙi ke komawa gida suna yabawa. Duk abin da baƙo zai ci ko ya sha ko ya kunna, sai an ɗauko shi a jirgi, tun daga man janareta har zuwa ƙanƙara da ruwan sha. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe cikin ƙanƙanen lokaci, na'urar da za ta shekara goma a Kumasi ba za ta yi rabin haka a bakin teku ba. Bugu da ƙari, ita kanta ƙasar wurin ba a zaune take ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, wadda ta haifar da tafkin Volta mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500 ta kuma tayar da mutane wajen 80,000 daga garuruwansu, yashin da kogin ke kawowa bakin teku ya ragu ƙwarai, teku kuma ta samu damar cin gaɓa. Ganuwar Kongenstein da Turawan Denmak suka gina a Ada a 1783, yawancinta yanzu tana cikin ruwa. Har ila yau, daga ranar 15 ga Satumban 2023 hukumar kula da Kogin Volta ta buɗe ƙofofin madatsun Akosombo da Kpong don rage ruwan da ya cika, ambaliya ta mamaye Mepe da Battor da Sogakope har zuwa tsibiran Ada, fiye da mutum 30,000 suka rasa matsuguni. Wanda ke sana'a a irin wannan wuri yana tare da asara iri-iri.

To amma a nan gizo ke saƙar. Duk waɗannan matsaloli mai wurin ya san da su tun kafin ya ɗaga waya ya ce babu matsala. Ya san awa nawa janaretansa ke aiki, ya san ɗanɗanon ruwan rijiyarsa, ya san shekarar da aka ɗauki hoton da yake turawa. A kasuwarmu idan mutum ya zuba tsakuwa a gindin buhun masara ya rufe da mai kyau a sama, ko ya buga wa mudu gindi ya lotsa, sunan abin algus, kuma ba a karɓar uzurin cewa damina ta yi gardama. Mai goron da ruwa ya taɓa, idan ɗan halas ne, ya kan buɗe huhun ya nuna wa mai saye, a rage kuɗi, a rabu lafiya. Da mai masaukin nan ya ce mana wuta awa biyar ce, ruwan wanka na gishiri ne, jirgi ba ya kwana a tsibiri, da wanda ya ga zai iya ya je, wanda ba zai iya ba ya zauna, kuma babu mai ƙorafi, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ɓoye aibin kaya shi ne laifin, kuma laifi ne da shari'a da al'ada da dokar ƙasa duk suka hana.

Me ya sa irin wannan algus ya fi yawa a tsibiri? Amsar tana cikin abin da kowane ɗan kasuwa ya sani tun yana yaron shago, wato ƙarfin mai saye yana ƙafarsa. Idan ka shiga Kejetiya ko kasuwar Asawase ko ta Jibiya ko Illela ko Malanbil, mai kaya ya tsuga maka kuɗi, sai ka juya, kafin ka yi taku uku ya kira ka, domin ya san maƙwabcinsa na da irin kayan. Ko a otal ɗin cikin gari, idan ɗaki bai yi maka ba, ka ɗauki jakarka ka tsayar da tasi. A tsibiri kuwa daga lokacin da ka sauka daga jirgi, ƙafarka ta koma hannun mai jirgi. Babu shago na biyu, babu mai abinci na biyu, babu hanyar fita ta biyu. Mai masauki shi ne mai ruwa, shi ne mai wuta, shi ne mai tuwo, shi ne kuma mai ƙofa. Duk farashin da ya yanka ya zauna. Mutanen Kumasi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Turawan Ingila da suka kama Sarkin Tonawa Prempeh na Farko a 1896, bayan sun ajiye shi a Elmina da Saliyo, a 1900 sai suka kai shi tsibiran Seshels da ke Tekun Indiya, ya zauna can har 1924. Ita kuwa Yaa Asantewaa da ta jagoranci yaƙin 1900, a can ta rasu a 1921. Yau ɗin nan Seshels na cikin wuraren da attajiran duniya ke biyan maƙudan kuɗi su je hutu, rairayin da kwakwar da ruwan duk su ne na wancan zamani. Bambancin mai hutu da ɗan gudun dole shi ne ɗaya na da ikon hawa jirgi ranar da ya ga dama.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne a ce mu 'yan Zango ne ake yi wa haka, alhali sana'ar saukar baƙi gadonmu ce. Ita kanta kalmar zango ma'anarta wurin da ayari ke yada kaya ya huta. Tun zamanin fataucin Gwanja, lokacin da madugai ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga, kowane falke yana da mai gidansa ko fatomansa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, sannan Turawa suka kama Kumasi, wannan tsari ya biyo mutanensa zuwa Kintampo da Kete-Karachi da nan Kumasi. Mai gida shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, idan kuma an sayi kayan baƙo bashi shi ne ke tsayawa, mai saye ya gudu shi zai biya. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda daga baya ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi nazarin wannan tsari a kasuwar shanun Kumasi ta wallafa a 1966, kuma har yau masana na komawa ga aikin nata. Ba takarda, ba lauya, ba ɗan sanda, amma dukiya mai yawa na wucewa daga hannu zuwa hannu lafiya.

Mene ne sirrin? Ba mu ce mutanen da duk waliyyai ba ne. Abin da ya riƙe tsarin shi ne baƙon bana shi ne baƙon baɗi, kuma labari yana bin hanyar da kaya ke bi. Fatoman da ya ci amanar baƙo ɗaya a Kumasi, kafin wata ya kama an ji a Wagadugu da Gaya da Kano, baɗi ɗakunansa sai ɓeraye. La'adarsa ta dogara ga sunansa. Shi kuwa mai masaukin tsibiri da ke farautar baƙi da hoto a waya, lissafinsa daban ne. Ya san wanda ya zo daga Kumasi da wuya ya dawo, ya san kuma idan ya koma gida kunya za ta hana shi faɗin gaskiya. Wannan kunyar ita ce jarinsa. Domin kuwa sau da yawa za ka ga waɗanda suka sha wuya a irin wannan tafiya, da sun dawo sai su zaɓi hoto ɗaya da suka ɗauka a gindin kwakwa su sa a waya, maƙwabta su gani su yi sha'awa, su ma su kwashi adashinsu su tafi. Ta haka wanda aka cuta ya zama ɗan tallan wanda ya cuce shi, kyauta.

Mun san akwai masu cewa ai maganinku ke nan, me ya kai ɗan kasuwa hutu, wannan almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa. Muna girmama masu wannan ra'ayi, amma muna tuna musu cewa hawan jini da ciwon suga sun kwantar da 'yan kasuwa da yawa da ba su taɓa rufe shago na yini ɗaya ba, kuma yaran da suka tashi a Zango suna da haƙƙin su ga tekun ƙasarsu da idonsu, tafiya mabuɗin ilimi ce. Ko da ma a ce hutun bai dace ba, hakan bai halatta wa wani ya karɓi kuɗin mutane ya ba su abin da ba shi aka yi ciniki ba. Akwai kuma masu cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ruwan sama da ya hana fita ƙaddara ne, amma jirgin da aka hana kira sai an cika kuɗi, wannan aikin mutum ne da lissafi. Wasu kuma su ce ai araha kuka bi, araha ba ta ado. To ko mai sayen gwanjo yana da haƙƙin a ba shi rigar da ya nuna. Yawan kuɗi ko ƙarancinsa bai canza hukuncin alkawari ba, kyan alkawari cikawa.

Saboda haka ga shawararmu ga duk ƙungiya ko iyalin da ke shirin irin wannan tafiya, kuma babu wani sabon abu a cikinta, dokokin kasuwa ne da muka gada. Na farko, ba a cinikin biri a sama. A tura mutum ɗaya ya je ya kwana ya gani, musamman tunda muna da direbobi da 'yan kasuwa da ke wuce Kasse kowane mako a hanyarsu ta Aflawo, kuɗin motar mutum ɗaya bai kai asarar mutum 16 ba. Na biyu, a tambayi lasisi. Dokar yawon buɗe ido ta Gana ta 2011, mai lamba 817, ita ta kafa hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa, ta ɗora mata alhakin yi wa otal-otal da masaukai rajista da duba su, kuma hukumar tana da ofis a nan Kumasi. Wurin da ba shi da lasisi, idan ya cuce ka babu inda za ka kama shi. Na uku, duk abin da aka yi alkawari a rubuta shi, ko da a saƙon waya ne: awa nawa ake ba da wuta, wane ruwa ake sha kuma nawa ne, wa ke yanka nama, ina za a yi sallah, me zai faru da kuɗi idan baƙo ya tafi kafin kwanakinsa su cika. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, saura kuma a riƙa biya kwana-kwana ana karɓar rasit.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci, a gama maganar jirgi tun ana kan tudu. A yanke kuɗin zuwa da dawowa tare, a tabbatar jirgi na kwana a tsibirin da mai tuƙa shi, a kuma karɓi lambar wani mai kwalekwale na daban a bakin kogi wanda ba yaron mai masauki ba ne. A ƙirga rigunan kariya kafin a ƙirga fasinja, idan ba su kai ba kada a hau. Ba mu manta da yara 'yan makaranta takwas da suka nutse a tafkin Volta a watan Janairun 2023 a hanyarsu ta zuwa makaranta ba. Na biyar, a lura da lokaci. Babbar Sallar 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, wato tsakiyar babbar daminar kudancin Gana, lokacin da ruwa ke dagulewa, igiyar teku ke ƙarfi, shara ke taruwa a gaɓa, sauro kuma ke cin kasuwarsa. Wanda zai iya jira har Disamba ko Janairu zai fi more kuɗinsa, sai dai ya sani farashi kan tashi a lokacin. Na shida, a tafi da maganin zazzaɓi da gidan sauro da fitila, a san asibitin da ya fi kusa, a kuma hana yara wanka a ruwan kogi mai ciyayi inda ba ya gudu, domin cutar tsargiya ta yaɗu sosai a yankin Volta tun bayan gina madatsar.

Bayan an dawo kuma akwai sauran aiki. A faɗi gaskiya a majalisa da masallaci da wurin suna da zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Wurin da ya kyautata a yaba masa da sunansa don ya sami ciniki, wanda ya cuta a gargaɗi 'yan'uwa a kuma kai ƙara a rubuce ga hukuma tare da rasit da hotuna. Idan shugabannin kasuwanninmu za su iya riƙe sunayen dillalan da suka ci amana daga Kumasi har Maraɗi, riƙe sunayen masaukai goma ba zai gagare su ba. Ranar da mai masauki ya gane cewa cutar mutum ɗaya daga Asawase na nufin rasa Asawase da Nima da Ashaiman da Tamale gaba ɗaya, ranar zai gyara janaretansa.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumar yawon buɗe ido da ta tuna cewa duk wanda ya kwana a masauki mai rajista ana cire masa harajin kashi 1 cikin 100 don bunƙasa wannan harka, kuma ɗan Zango yana biyan wannan haraji daidai da Baturen da ya sauka daga jirgin sama. Jami'anta su riƙa hawa kwalekwale suna tsallakawa tsibiran nan ba tare da sanarwa ba, su wajabta wa kowane masauki jirgin kwana da akwatin magani, ita kuma hukumar kula da sufurin ruwa ta matsa a kan rigunan kariya. Muna kuma kira ga masu hannu da shuni na Zango da su dubi wannan kasuwa da idon basira. Ga dubban iyalai da ke neman wurin hutu mai tsabta, da abincin halal, da wurin sallah, da natsuwar da mutum zai kai matarsa da 'ya'yansa ba tare da jin kunya ba, kuma a shirye suke su biya. Jikokin fatomomin da suka sauki ayarin Gwanja su ne suka fi cancanta su riƙe wannan sana'a, da sharaɗin su riƙe ta yadda kakanninsu suka riƙe, baƙonka annabinka. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.